Mainasara da Wayar da Bai Gama Naɗawa Ba

Yau Asabar, ashirin da huɗu ga watan Mayu, 2025. Na tashi da ɗan sauƙi. Kumburin ƙafa ya ragu kaɗan, na je masallaci da sanda na dawo ban zauna a hanya ba, na kuma sha rabin kofin kunu. Hannun dama yana nan da rawarsa. Kunnen hagu ya daɗe da mutuwa, da na dama kaɗai nake jin duniya, shi ma likita ya ce yana bin sawun ɗan'uwansa, kada in yi masa lissafin shekaru. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta wannan yau, tun alƙalami yana yarda da ni.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, shida ga wannan wata, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Mainasara, mai gyaran rediyo a bakin tashar Boɗinga, yana da shekara sittin da bakwai. An kira wayata sau huɗu a ranar, tana ajiye a gefen kunnen da ba ya ji. Sai bayan azahar wani maƙwabcina ya shigo ya durƙusa ya faɗa mini, lokacin an riga an kai shi makwancinsa. Ban sami jana'izarsa ba, wannan kuwa yana cina har yanzu.

Mainasara, da kai zan yi magana, don shekara arba'in da biyu da kai nake yin ta.

Ka tuna ranar da na fara zuwa shagonka, a 1983. Na taso daga Shagari da rikodata a naɗe cikin bargo kamar mara lafiya, ta daina juya kaset. Kai kuwa saurayi ne siriri, ɗan gidan maƙera wanda ya bar uwar maƙera ya kama rediyo, danginka suna ganin ka lalace. Ka kwance bayanta ka leƙa, ka yi dariya har da riƙe ciki. Zanzaro ne ya gina ɗakinsa na laka a kan ƙafar da ke juya kaset. Ka ce, "Bahillace ke nan. Ka saba kiwo, har cikin rikoda sai ka aje dabba." Na ce maƙeri bai isa ya yi wa Bafillace dariya ba, tunda kakanninsa ƙusar takalmin dokinmu suka yi ta bugawa. Daga wannan rana wasan da ke tsakanin kakanninmu ya zama namu, ba mu kuma ajiye shi ba sai da ƙasa ta raba.

Mutanen Boɗinga sun fi ni sanin alherinka, amma zan faɗi abin da na gani da idona. Rediyon makaho ba ya kwana a shagonka. Ko aiki nawa ne a gabanka, idan makaho ya kawo nasa sai ka ture komai, ka ce wannan ba shi da wata taga sai ita. Na ga ka hau hasumiyar masallacin unguwarku da rana tsaka cikin azumi don lasifika ta yi shiru, kana da shekara sittin da wani abu, mutane a ƙasa suna roƙonka ka sauko. Kana kuma da faɗa, ba zan ɓoye ba. Duk wanda ya kawo maka na'urar da aka naɗe fiyus ɗinta da takardar sigari mai walƙiya, sai ya sha wa'azin da ya fi huɗubar Juma'a tsawo. Ga taurin kai. Ba ka taɓa rubuta komai ba, ko lamba ɗaya. Na yi ta ba ka littafi da fensir, kana ba jikokinka su yi zane.

Sai in bayyana wa mai karatu abin da ya sa mutuwar wannan mutum ta bar ni da aiki a hannu.

Daga 1978 zuwa 1981 ina aiki a sashen samar da ruwa na karkara. A lokacin ana ta kawo injin haƙa, na ga cewa tsofaffin maginan rijiya, wato masu haƙa ta da hannu, za su tafi da abin da suka sani. Ba wanda ya sa ni. Na riƙa ɗaukar rikoda ina bin su, daga Dandin Mahe zuwa Sifawa da ƙauyukan da ke tsakani, ina zama da su a gindin bishiya suna magana. Sun faɗi yadda suke duban ciyawa da gidan gara su ce a sara nan, da yadda suke ɗanɗana yumɓu su san ko ruwan da ke ƙasa mai zartsi ne, da yadda ake zura fitila a gane iskar ramin ta ɓaci kafin mutum ya sauka. Sun kuma lissafa mini rijiyoyin da suka cike tun zamanin kakanninsu, kowace da sunanta da inda take. Kaset talatin da shida na cika. Duk waɗanda suka yi magana a ciki sun rasu. Kalmominsu na sana'a kuwa ba a ƙamus suke ba, wanda bai zauna da su ya ga abin da suke nunawa da hannu ba, ko ya ji ba zai san abin da zai rubuta ba. A iya sanina ni kaɗai na rage.

Na yi sakaci, na yarda. Aiki da iyali suka ɗauke ni, sai bayan rasuwar mai ɗakina, gida ya yi shiru, yara suna nesa, na jawo akwatin na fara kwafe maganar a takarda. Na gama kaset ashirin da uku. Saura goma sha uku, shida daga ciki na Sodangi ne na Dandin Mahe, wanda ya fi su duka sani, ya kuma fi su duka ƙaramar murya, don ba shi da haƙori ko ɗaya lokacin da na same shi. Idan kunnen nan ya rufe kafin in kai ƙarshensu, maganar Sodangi ta tafi.

Bara waccan wuta ta zo da ƙarfi wata rana, ta ƙone taransifomar da ke cikin rikodar. Ka zo ka duba, ka ce sauran jikinta lafiya lau, abinci kawai take so, bolt goma sha biyu, tsayayye. Muka gwada ƙaramar adaftar nan ta kasuwa. Rikoda ta juya, amma sai wani siririn kuka ya taso ta lasifika, kamar sauro ya shiga kunne, a bayansa kuma wani gurnani. Mai lafiyayyen kunne zai iya tsallake su ya ji magana. Ni kuwa daidai inda muryar Sodangi take, nan kukan ya zauna. Muka koma batirin mota. Shi ba ya kuka, amma ba ni iya ɗaga shi, sai na nemi wanda zai kai caji, in ya fara sanyi kuma kaset ya riƙa jan ƙafa har tsohon ya koma magana kamar bijimi. Zafin bana ya ƙarasa shi. Na taɓa aika kaset biyu birni a juye mini su a waya, ɗaya ya dawo a tattaune. Ban sake ba.

Bayan ƙaramar Salla ka zo a kan babur ɗinka, ranar Alhamis kamar yadda ka saba duk mako biyu, da ƙullin tsire a aljihu wanda ka san ba ni iya taunawa, kai za ka cinye. Ka ɗauki adaftar ka jinjina ta a tafin hannu.

"Malam Mode, ɗauki wagga ka ji. Kamar hwankon ashana. Sassara wuta takai gutsi-gutsi da sauri, kunnenka shi ka shan gutsuren. Ni zan gina maka taka, mai nauyi, irin ta da."

Na ce, "Kai da ko zanen waya ba ka iya karantawa?"

"Kai da kak karance shi tun zamanin Turawa, ƙusa nawa kat taɓa bugawa?"

Gaskiyarka. Na yi makarantar sana'a a farkon shekarun 1960, na haddace dokokin lantarki na ci jarrabawa, amma ban taɓa liƙa waya biyu da dalma ba. Kai kuwa da yaren maƙera ka bayyana mini abin da malamanmu suka yi zango guda suna zanawa a allo. Ka ce wutar gari kamar zugazugi take, hannun dama ya danna, na hagu ya danna, tana kai da komo. Taransifoma ita za ta rage mata ƙarfi. Diyod guda huɗu su ne 'yan ƙofofin fata da ke barin iska ta fita ba ta dawo ba, su mai da ita hanya ɗaya. Amma har yanzu tana zuwa fuu, fuu, da numfashi a tsakani, wannan numfashin shi ne gurnanin da nake ji. Sai a sa babbar kafasita ta tara ta riƙa saki a hankali. A ƙarshe regileta, ɗan baƙin abu mai ƙafa uku, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce goma sha biyu za ta wuce, ragowar ya mai da ita zafi, shi ya sa za a ɗaure shi a jikin farantin alminiyam ya riƙa shan iska.

Na ce to a sayo taransifoma a birni mana. Ka girgiza kai. Ka ce waɗanda ake sayarwa an naɗa su ne don garuruwan da wuta ke tsayawa inda aka ce ta tsaya. A nan kuwa in zafi ya yi kowa ya kunna fanka, sai ta faɗi ƙasa warwas, regileta ya rasa abin da zai rage, gurnani ya dawo. Dole a naɗa wadda za ta ba da bolt goma sha takwas, don ko wuta ta faɗi a sami rara. Ka ɗauki tsohon rediyona na katako wanda ya mutu tun tuni, ka zare faranten ƙarfen cikin taransifomarsa, ni kuma na sa aka kawo wayar jan ƙarfe, siririya da mai kauri. Lissafin ne kawai ka bar mini. Na auna ƙarfen, na zauna da fensir, na ce naɗin farko zagaye dubu ɗaya da ɗari da hamsin. Ka ce, "To, yau dai boko ya yi rana."

Ban san yadda kake ƙirga naɗi ba sai bayan ka tafi. A gida kake yi, ba a shago ba, bayan la'asar, a tsakar gida. Kana da keken naɗi da ka ƙera da sarƙar tsohon keke. Hannu ɗaya yana juyawa, ɗaya yana jan waya tana kwanciya a jikin kwarkwaro, kowane zagaye ka ce Subhanallah, mai ɗakinka Asabe tana gefe da carbi mai ɗiya casa'in da tara tana ja. Carbi ya zagayo, ta jefa ƙwallon dabino ɗaya a 'yar tasa. In za ku tashi ta ɗaura zare a ɗiyar da kuka tsaya. Shekara talatin da wani abu haka kuke yi, in ji ta, ba ku taɓa ɓata ƙirga ba. Ranar Litinin kuka tashi da aka kira magariba, ka ce gobe a ƙarasa. Da hantsin Talata ka ce kanka yana sarawa, ka kishingiɗa a tabarma kusa da keken, shi ke nan.

Na je gaisuwa ranar Laraba, ban ce komai ba game da aikin, ba ranarsa ba ce. Na koma bayan mako guda, an ɗora ni a gaban mota kamar kayan fashewa. Babban ɗanka Sadiƙ ya karɓe ni a zaure da ladabi. Da na faɗi abin da ya kawo ni ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, ka gafarce ni, malamin unguwarmu ya ce kada a fitar da ko allura sai an raba gado." Ban ga laifinsa ba, amana ce a wuyansa. Sai muryar Asabe ta fito daga bayan labule, tana cikin takaba.

"Sadiƙu, ƙarhen na rediyon Malam Mode ne, wayar shi yak kawo ta. Hannu ɗai na ubanka, shi kau an rufe shi da shi. Ba Malam kayanai."

Sadiƙ ya je ya tambayi malamin, ya dawo ya ce haka ne. Keken naɗi da mitar auna wuta da ƙarfen liƙi da dalma kuwa magada suka yarda a ba ni aro.

A nan matsala ta fito. Carbin yana nan da zarensa a ɗiya ta arba'in. Tasar ce babu. Ranar rasuwa gida ya cika, matan da ke dafa abincin masu gaisuwa suna neman abin awon gishiri, wata ta ga 'yar tasa da ƙwallayen dabino a ciki, ta watsar ta ɗauraye. Wa zai ce ta yi laifi? Ko ni ne abin da zan yi ke nan. Na tambayi Asabe ko ta tuna nawa ne. Ta ce, "Malam, ko takwas ko tara. Raina ya hi kwantawa ga tara, amma ba ni rantsuwa." Sai na ji tana kuka a hankali, tana cewa shekara talatin ba ta ɓata maka ƙirga ba sai na ƙarshe. Na ce mata ba ta ɓata ba, zaren yana inda ta ɗaura shi, sauran kuma aikina ne. Ta miƙo carbin ta ƙarƙashin labule.

Mainasara, ka yi ta yi mini dariyar boko, to saurari abin da boko ya yi. Na dawo Shagari na zauna na yi tunani. In na ɗauka tara ne alhali takwas ne, naɗin zai gaza da zagaye casa'in da tara, taransifoma ta riƙa zafi, wata rana ta ƙone ta tafi da rikodar. In na ɗauka takwas ne alhali tara ne, naɗin zai yi yawa, wutar da za ta fito ta ɗan ragu, wannan kuwa ana gyara shi a naɗi na biyu. Saboda haka na ɗauki takwas. Takwas sau casa'in da tara, a ƙara arba'in, ɗari takwas da talatin da biyu. Saura ɗari uku da goma sha takwas.

Kwana shida na yi a kansu. Abin da kai za ka yi tsakanin la'asar da magariba. Ba ni da mai ja mini carbi, sai in naɗa goma sha ɗaya in tsaya, in ja ɗiya goma sha ɗaya, in huta hannu. Na gano cewa da sassafe bayan na karya rawar hannun tana raguwa, sai na mai da aikin lokacin. Wayar siririya ce kamar gashin wutsiyar doki, sau biyu ta hau kan 'yar'uwarta na warware na sake. Tsorona kada ta tsinke. Ba ta tsinke ba. Wayar da ka fara ita na ƙarasa, babu ƙulli a tsakani, in mutum ya duba zai ga inda layinka mai kyau ya ƙare, nawa mai karkace ya fara. Tasbihin ma na ci gaba da shi daga inda ka tsaya, na roƙi Allah Ya kai ladan gare ka.

Ranar Talatar da ta wuce na jera faranten ƙarfen, na zura zagaye goma na gwaji a kai, na jira wuta. Na tuna dokarka, ba a haɗa sabon naɗi da wuta kai tsaye, sai an sa ƙwan lantarki a tsakani, in akwai kuskure ƙwan ya haska ya shanye. Wuta ta zo wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Na yi bisimilla na haɗa. Ƙwan ya yi ɗan ja kaɗan kamar garwashin da ya kusa mutuwa, ya tsaya a haka. Na sa kunnen dama kusa da ƙarfen, na ji yana ɗan gunji a hankali, lafiyayye. Mita ta nuna bolt ɗari da casa'in da shida suna shiga, zagaye goman nan kuma suna ba da ɗaya da ɗigo biyar bakwai. Na raba, na sake rabawa don kada in zalunci kowa. Naɗin ya kai dubu ɗaya da ɗari biyu da arba'in da wani abu. Tara ne. Asabe ce da gaskiya. A ranar na sa aka kira mini Sadiƙ, na ce ya shiga ya gaya wa mahaifiyarsa ƙirgarta daidai take, mita ta shaida.

Da wannan lissafi naɗi na biyu ya kama zagaye casa'in da takwas. Na cika shi carbi guda. Sai da na sake zare faranten duka, wayar mai kauri kuma ta ci mini yatsu, da kyar ta sami wurin kwanciya saboda rarar da na ƙara a ƙasa. Jiya Juma'a na gama, na mai da ƙarfe, na auna. Tana ba da abin da ka ce ta bayar. Ga ta nan a kan tebur, na ɗaga ta da hannu biyu, nauyinta zai gamshe ka.

Saura liƙi. A cikin wani gwangwani da magada suka haɗo mini da kayan aron na sami diyod huɗu, da kafasita babba da ƙanana biyu, da regileta ka riga ka ɗaure shi a farantinsa, da gidan fiyus, da ɗan allon da ka kafa wa ƙusoshin tagulla inda kowane zai zauna. Na zana yadda za a haɗa su a takarda, na ƙirga wuraren liƙi goma sha huɗu. Na san inda haɗarin yake. Ban manta ranar da ka juya ƙafar kafasita a shago kana ba ni labarin wani biki ba, ta fashe kamar bindiga, mai shayin tasha ya watsar da butarsa, kai kuma ka ɗago da farar auduga a gemu kana cewa ni na shagaltar da kai. Na duba layin da ke jikin wannan da gilashin ƙara girma sau uku, na ɗaura jan zare a ƙafar da ta dace.

Abin da ban iya ba shi ne riƙe ƙarfe mai zafi a wuri ɗaya har dalma ta narke ta kwanta. Shekaranjiya 'yarka Firdausi ta kira ni, wadda ke aikin jinya a Dandin Mahe. Ashe tun tana 'yar firamare ka koya mata liƙi, ta ce in kana azumi hannunka ya gaji ita ke ƙarasa maka. Ta ce, "Baba Mode, kada ka taɓa wutar nan da hannunka, ran Asabar bayan azahar ina nan tafe, awa ɗaya mun gama." Na ji daɗi ƙwarai. Na share ɗaki, na sa an sayo gawayi, na fito da kaset na ashirin da huɗu na ajiye a kan rikoda. Amma na gaya mata, kai ma ina gaya maka, ko da wa ko ba kowa, wannan abu zai tashi. Ba ka hau babur shekara da shekaru kana zuwa Shagari don in bar shi a gwangwani ba. Zan ji Sodangi, zan rubuta shi har kaset na talatin da shida, in kuma Allah Ya nufa littafin ya fita, sunanka zai zo a shafin farko kafin nawa, kai da ka ƙi rubutu duk rayuwarka.

Ya Allah, ga bawanKa Mainasara ya zo gare Ka, Kai ne mafi alherin wanda ake sauka wurinSa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sanya kowane tasbihi da ya yi a kan aikinsa a mizaninsa. Yadda ya gaggauta wa makafi buƙatarsu, Ka gaggauta masa da sauƙin hisabi. Abin da ya yi mini na faɗa ko na wasa da ya wuce wuri na yafe, ni ma ina fatan ya tafi yana mai yafe mini, don bakina ya fi nasa kaifi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Asabe, Allah Ya ba ta haƙuri Ya sa ta fita takaba lafiya, carbinta yana nan a hannuna amana. Haka kuma ga Sadiƙ da Firdausi da sauran 'yan'uwansu da jikoki, da dukan gidan maƙera na Boɗinga, da abokan zamansa na bakin tasha. Allah Ya albarkaci bayansa, Ya haɗa kanku. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.

Ƙari, da yamma. Na idar da rubutun da ke sama kafin azahar, na fitar da kujera ƙofar gida. Motoci uku suka tsaya a bakin titi, ba ta cikinsu. Na kira lambarta ba ta shiga. Mai aikin jinya ba ta da ikon lokacinta, wataƙila wata ce ke naƙuda. Da aka yi la'asar na shigo na hura gawayi na sa ƙarfen dalma a ciki. Na ɗora hannun dama a kan bulo, na naɗe shi da rawani na ja da haƙori har ya daina motsi, na hagu ya riƙe dalma. Sau uku tana dunƙulewa ta faɗo, na ƙone babban yatsa. A na huɗu ta narke ta bi ƙusar ta kwanta tana sheƙi. Na bari ta huce na ja ƙafar diyod ɗin da ƙarfi, ba ta motsa ba. Saura goma sha uku. Haske ya ragu, ido ba ya rarrabe ƙafafun, na kashe gawayin na rage na gobe. Ga ladan nan yana kiran magariba, ina jin sa sama-sama. Firdausi dai ba ta zo ba.